Dariyar da aka yi wa tsakar Kimboza ta ɓata min rai

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na daren Lahadi ne ya hana ni yin shiru. Baƙonku yana bayani tsakani da Allah a kan barazanar da tsakar dajin Kimboza ke fuskanta, mai gabatarwa kuwa sai ƙyaƙyata dariya yake, wai yanzu har tsaka ake yi wa kuka. Wallahi raina ya ɓaci.

Wannan fa ba tsakar bangon ɗaki ba ce. Duk faɗin duniya babu ita sai a dajin Kimboza da ɗan kurmin da ke kusa da shi, a yankin Morogoro na Tanzaniya, kuma bishiya iri ɗaya tak take zama a kai. Namijin shuɗi ne shar, shi masu kuɗi a Turai ke saye su ajiye a akwatin gilashi. Masu kamun kuma ba su tsaya wahala ba, sare bishiyar suke yi ɗungurungum su kwashe na ciki. Sai a 2016 aka sa ta a jerin farko na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, aka haramta fataucin wadda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje. To ina abin dariya a nan?

Ni na ga irin wannan da idona, ba labari aka ba ni ba. Ina saurayi na zo Legas, na yi gadi a wajen Ajah lokacin duk fadama ce da kurmi. Da safe guza kan ratsa ta gabana ya faɗa ruwa, hawainiya kuwa har kan igiyar shanyata nake samunta. Sai tifofi suka fara zuwa da yashi, dare da rana, aka cike wurin kaf aka dasa benaye. Bara na kai jikana can don in nuna masa inda na zauna, na kasa gane ko kwanar. Yaron nan shekararsa 11, bai taɓa ganin hawainiya mai rai ba sai busasshiya a shimfiɗar mai maganin gargajiya. Da ya tambaye ni ko da gaske tana sauya launi, rasa abin faɗa na yi. Shi ya sa dariyar nan ta soke ni.

Ku dawo da baƙon nan, a bar shi ya ƙarasa maganarsa, kuma a tambaye shi halin da namu na gida suke ciki.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sakawa ƙarƙashin magana. Mu da ke saurare a bakin titi, ga ƙarar janareta ga hon ɗin motocin haya na danfo, rabin zancen ba ma ji.

Naku mai saurare kullum,
daga Agege, Legas