Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Kakanni a Kan Tsofaffin Taswirori

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwa maza da mata, na nan Gadarif ta ƙasar Sudan da waɗanda yaƙi ya watsa Kasala, Bur Sudan da ƙetare, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare. Kafin komai muna yi wa juna ta'aziyyar waɗanda muka rasa. Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Ayyukan da aka saba ba su tsaya ba. An kai gudummawar biki da ta rasuwa, an yi buɗa-baki na haɗin gwiwa da azumi, makarantar allo ta dare tana nan. Gidajenku da kuka buɗe wa 'yan'uwan da suka taho daga Madani da Sinja kuwa, ba mu da bakin godiya, sai dai Allah ya biya. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi dalla-dalla ranar taro.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne aikin taswira, ko harita kamar yadda bakinmu ya saba a nan. Da aka kawo shawarar wasunku sun yi ƙorafi, suka ce mutane na neman abin kaiwa baki ana zancen tsohuwar takarda. Maganarsu tana kan hanya, shi ya sa ba a taɓa ko sisi daga asusun taimako ba, masu sha'awa ne suka yi karo-karo. Abin da ya tunzura mu shi ne, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 iyalai da yawa sun fito daga su sai kayan jikinsu. Hotuna, takardun gado, tsofaffin takardun tafiya hajji na kakanni, duk an baro su. Abin da ya saura yana cikin kan tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Taswirorin na Hukumar Safiyo ta Sudan ne, wato Misaha, waɗanda aka buga a Khartum zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, daga 1899 zuwa 1956. Ma'auninsu 1:250,000, ma'ana santimita ɗaya a takarda kilomita biyu da rabi ce a ƙasa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa hotunansu a intanet, Jami'ar Durham ta Ingila kuma tun 1957 take tara takardun Sudan. Wani ɗanmu da ke karatu a waje shi ya sauko mana da fallayen da muke buƙata, muka buga su a manyan takardu. Akwai rijiyoyi a ciki, da hafirai, wato tafkunan da aka haƙa don tara ruwan damina, da koramu, da duwatsu, da hanyoyin raƙuma da na mota, da ƙauyukan da wasunsu yau ko kufai babu.

Mun gane da wuri cewa idan matasa suka zauna su kaɗai a kan taswira, kallo kawai suke yi. Sai muka sauya dabara, muka riƙa ɗaukarta muna kai wa tsofaffi har gida.

Zaman da ba zan manta ba shi ne na gidan wata iyarmu da ta haura tamanin. Tana kan angarib, wato gadon igiya, mu muna ƙasa, mun shimfiɗa fallayen a tabarma mun danne kusurwoyinsu da kofunan gahawa saboda iska. Ba ta karatun boko, idonta ma ya yi rauni. Na ce, "Inna, ko kina tuna zangon da mahaifiyarki ta ce sun yi?" Sai ta fara jero su kamar mai tilawa: Fashir, Umm Kaddada, Nuhud, Ubayyid. Jikanta yana bi da yatsa, kowane suna ta faɗa yana samunsa a gaban na baya, babu tsallake. Ta ƙara da cewa a wannan hanya sai da suka sayi ruwa daga cikin kuka. Yaron ya ce tun yana ƙarami yake jin wannan labari, ya ɗauka tatsuniya ce. Muka duƙa muka duba wajen Nuhud, ga kalmar tebeldi nan a rubuce, sunan kuka ke nan a bakin mutanen ƙasar. A Dar Hamar ana rarake cikin kuka a ɗura mata ruwan damina, a riƙa ja da guga har rani ya wuce, matafiyi kuma sai ya biya kafin ya sha. Da muka gaya mata takardar Bature ta gaskata mahaifiyarta, shiru ta yi, sannan ta ce a bar mata fallen Nuhud ya kwana a ɗakinta. Mun bar mata, kuma ba mu sake karɓa ba.

Wani dattijo kuma ya ce kakansa ya yi "aikin Makwar" kafin ya tara guzirin ƙarasawa Sawakin, tashar jirgin ruwan da alhazai ke hawa zuwa Jidda a wancan lokaci. Matasan ba su san ina ne Makwar ba. Tsohon falle ya nuna musu shi a gaɓar kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu, daidai inda aka gina madatsar ruwan Sinnar da aka kammala a 1925, shekarar da aka buɗe noman audugar Jazira. Da wannan kaɗai iyalin suka san cewa zuwan kakansu bai wuce farkon shekarun 1920 ba. Layin dogo ma ya zame mana kalanda. Jirgin ƙasa ya isa Ubayyid a 1912, layin da ya haɗa Gadarif da Sinnar an gama shi a 1929, Niyala kuwa sai 1959. To duk wanda aka ce daga Ubayyid ya hau jirgi, ba kafin 1912 ya zo ba, wanda kuma ya hau daga Niyala na baya-bayan nan ne ƙwarai. Mun koyi duba ƙasan kowane falle tun da farko, don a nan ake rubuta shekarar da aka zana shi da shekarar da aka yi masa gyara.

Fallen Sinnar shi aka fi rububi a kai, saboda garin Mai Wurno. Kowa ya san tarihin: an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka a bakin Nil Azrak wajen 1906. Amma ganin sunan garin a takarda, kudu da Sinnar, da harufan Bature, ya sa samari yin tambayoyin da ban taɓa jin sun yi ba. 'Yan'uwanmu na wajen Rusairis su kuma sun ga wuraren da iyayensu suka yi su da noman bakin kogi kafin madatsar 1966, da ƙarin tsawon da aka yi mata a 2013, su sa ruwa ya haɗiye su.

Akwai inda taswirar ta gaza, kuma wajibi ne in faɗa. Mai safiyo yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, sai an furta da ƙarfi sau biyu ko uku kafin a gane garin. A wasu wurare ba a ma damu da sunan ƙauyen ba, an rubuta Fellata kawai, an haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare a kalma ɗaya. Kambo-kambon Jazira, wato sansanonin 'yan ƙwadago inda iyayenmu suka shekara suna tsinkar auduga, mun nemi da yawansu ba mu gani ba, alhali waɗanda aka haifa a cikinsu suna zaune tare da mu.

Wannan ya kawo ni ga shawarar da kwamiti ya yanke, wadda nake goyon baya ɗari bisa ɗari. Bayan rikicin fili tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Nil Azrak a Yulin 2022, wanda har yanzu ciwonsa bai warke ba, wasu sun nemi a ba su fallayen don su kafa hujja a rigimar fili. Mun ce a'a. Bature ya zana su ne don mulki da tafiye-tafiyensa. Rashin ƙauye a ciki ba ya nufin babu shi a lokacin, samunsa a ciki kuma ba takardar mallaka ba ce. Idan muka ɗauke ta makami yau, gobe wani zai buɗe fallen da ba mu ciki ya nuna mana. Duk wanda zai karɓi kwafi, da wannan sharaɗi zai karɓa.

Mun yi kurakurai. Bugun farko mai shagon ya ƙanƙance hoton don ya shiga takardarsa, ma'auni ya lalace, muka yi makonni muna auna nisa ba daidai ba kafin wata malamar makaranta cikinmu ta gano. Wayar da aka naɗi hirarraki uku da ita ta ɓata a kasuwa ba a kwafe su ba. Wanda ya fi damuna shi ne wani babanmu da ya san hanyar Kasala zuwa Sawakin zango-zango. Sau biyu ina ɗaga zuwa wurinsa saboda hidima, kafin na uku Allah ya karɓi abinsa. Laifina ne, ina neman afuwar iyalansa da taku.

Saboda haka a shekara mai kamawa za a fara da waɗanda suka fi tsufa, ko da nisa. Kowace hira za a kwafe ta wuri biyu a ranar da aka yi ta, a kuma rubuta ta da boko da ajami. Muna neman mata biyu ko uku su shigo aikin, domin akwai zancen da iyayenmu mata ba za su yi a gaban maza ba. Fallayen Jinaina da na Kosti ba a buga su ba tukuna, sai karo-karo ya cika.

Taron shekara yana nan a inda aka saba, bayan la'asar, za a sanar da rana ta WhatsApp. Kowane gida ya zo da sunan garin da kakansa ya taso, da zangon da ake tunawa ko da guda ɗaya ne, da sunan tsohon da ya kamata mu fara ziyarta.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa, Gadarif.