Zuwa ga ƙanena mai shirin tafiya aiki ƙasar waje

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ka yi mini tambaya a gaban jama'a, ranar kuma lokaci bai ba ni damar amsa maka yadda nake so ba. Ka ce wani dillali ya yi maka alkawarin aiki a ƙasar waje, ya ce ka biya shi kuɗi, ka fita da bizar ziyara, in ka sauka can za a gyara maka takardu, iyalinka kuma su biyo ka bayan 'yan watanni. Ka tambaye ni ko ka tafi. Na ga yadda mutane da dama suka gyara zama da suka ji tambayar, shi ya sa zan amsa a fili.

Kada ka tafi a kan wannan sharaɗi. Ni ma na shafe shekaru ina aiki a ƙasar da ba tawa ba, na ci moriyar tafiyar, kuma ina yi maka fatan irinta. Amma abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, takardar da mutum ya shiga ƙasa da ita, ita ce ke yanke irin zaman da zai yi: aikin da zai samu, gidan da za a ba shi haya, asibitin da zai iya zuwa, har da ƙarfin bakinsa ranar da aka zalunce shi.

Bizar ziyara ta ziyara ce. A Birtaniya mai riƙe da ita ba shi da izinin aiki, kuma ba zai iya juya ta zuwa bizar aiki yana cikin ƙasar ba, sai ya fita ya nema daga waje. A ƙasashen Turai na yankin Shengen, bizar gajeren zama kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, daga nan mutum ya zama mai zaman da ba bisa ƙa'ida ba. A Saudiyya wanda ya shiga da bizar Umara ya tsaya aiki, ranar da aka kama shi tara ce da tsarewa da mayarwa gida, sannan a hana shi sake shiga na wani lokaci. Akwai ƙasashen da akan sauya takardar mutum yana ciki, gaskiya ne, sai dai kamfanin da ya ɗauke shi ne ke nema da kansa, kuma ba a fara aiki sai an kammala. Dillalin da ya karɓi kuɗinka ba shi da hannu a wannan ofishi, ranar da wa'adin bizarka ya cika kuwa yana gida hankali kwance.

Na taɓa zama ɗaki ɗaya da wani bawan Allah da ya shigo ta irin wannan hanya. Wata rana ya dawo daga wurin gini da yamma, ƙarfe ya yanke shi a tafin hannu, ya naɗe wurin da tsohuwar singileti, jini ya riga ya ratsa ta. Muka yi ta fama da shi ya je asibiti, ya ƙi, don yana tsoron a tambaye shi takarda. Kwana huɗu yana wanke ciwon da ruwan zafi a bakin famfo, hannun ya kumbura har yatsun ba sa lanƙwasuwa, kafin ya yarda muka kai shi. Mai aikin kuwa bai biya shi kuɗin makon ba, don ya san ba inda zai kai ƙara. Duk lokacin da aka ce mini "za a gyara a can", hannun nan nake tunawa.

Sai batun kuɗin da aka ce ka biya. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su karɓi kuɗi daga hannun mai neman aiki. Wanda ke neman ma'aikaci shi ke biya. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu a kanta ba, amma ma'auni ne mai kyau a gare ka. Kuɗin biza daban ne, ga hukuma ake biyan sa, a ba ka rasiti da sunanka. Bincike kuma ba shi da wuya. Gwamnatin Birtaniya, alal misali, tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, kowa zai iya dubawa a intanet kyauta. Ka nemo lambar kamfanin da kanka, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka tambaye su ko sun san da zuwanka. Matambayi ba ya ɓata.

Ko da ta halastacciyar hanya ka tafi, akwai tambayar da nake so ka riƙe da hannu bibbiyu: in na bar wannan aiki, ko aka sallame ni, me zai faru da izinin zamana? Yawancin bizar aiki a ɗaure take da sunan wanda ya ɗauke ka. A Birtaniya in aikin ya ƙare, galibi kwana 60 ake ba mutum ya samo wani kamfani mai lasisi ko ya tattara ya fita. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf tsarin kafala ne, wato iƙamarka, takardar izinin zamanka, na hannun kafilinka, uban gidan da ya ɗauke ka aiki. An yi gyare-gyare: Katar ta soke sharaɗin neman yardar uban gida kafin sauya aiki a 2020, Saudiyya ma ta sassauta a watan Maris na 2021, sai dai sassaucin nata bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Kuma in uban gida ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya gudu, abin da ake kira hurub, ma'aikacin zai iya zama wanda hukuma ke nema. Mutane da yawa ba su san wannan kalma ba sai da ta faɗo a kansu.

Fasfonka kuma, ina roƙonka, kada ya kwana a hannun kowa. A wurin aikina na farko, ranar da na isa, manaja ya karɓi nawa ya ce ajiya ce, ya jefa shi cikin durowa tare da na wasu, ya murɗa makulli. Sai da wata larura ta taso mini a gida na gane abin da na bayar: mako uku ina sintiri a ƙofar ofishinsa kafin ya miƙo mini. Dokokin Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk sun hana uban gida riƙe fasfon ma'aikaci ba da yardarsa ba. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi, ka bar kwafi a wurin wanda ka amince da shi, ka kuma san inda ofishin jakadancin ƙasarka yake tun makon farko.

Kwantiragin ka karanta shi tun kana gida, cikin harshen da kake ji, ka ga albashin asali daban da alawus, awannin aiki, wa ke biyan masauki, wa ke biyan tikitin dawowa. In ka sauka aka miƙo maka wani sabo da ya saɓa wa na farko, kada ka sa hannu cikin gajiyar tafiya. Adadin da dillali ke faɗa da baki kuma ba shi ne ke shiga aljihu ba. A Turai sai an cire haraji da inshorar lafiya da kuɗin fansho. A Birtaniya yawancin masu bizar aiki suna biyan kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 a shekara ga kowane babba, kuma a dunƙule ake biya tun wajen neman biza. A Jamus mai gida zai iya neman kuɗin ajiya har na hayar wata uku, sannan dole ka yi rajistar adireshinka cikin kwana 14 da tarewa, da wannan rajistar ake samun lambar haraji. A Katar mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 ne a wata, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai samar ba. Wanda zai aika gida daga cikin wannan ya yi lissafi tun kafin ya ci bashin tafiya. Albashin farko ma sai bayan wata guda, don haka guzurin wata biyu zuwa uku dole ne.

Maganar iyali ita ta fi taɓa ni a tambayarka. Ba dillali ke yanke wannan ba, dokar ƙasar ce, kuma tana sauyawa. Tun watan Maris na 2024 Birtaniya ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya zuwa da iyali, a watan Yuli na 2025 kuma ta daina ɗauko su daga waje. A ƙasashen Gulf sai albashinka ya kai wani mataki kafin a ba ka izinin kawo mata da 'ya'ya. Ka zaunar da maiɗakinka ka faɗa mata gaskiya, cewa rabuwar na iya kai shekaru, ku yi shawara tare kafin ka yanke.

Ƙofofin halas suna nan, sun fi jinkiri ne kawai. Jamus ta buɗe wata hanya a watan Yuni na 2024 mai suna Chancenkarte, wadda ke ba mai sana'a ko digiri damar zuwa neman aiki har shekara guda, yana ɗan aikin awa 20 a mako, in ya cika sharuɗɗa ya kuma nuna yana da abin da zai riƙe kansa. Irin waɗannan hanyoyi suna son takardun karatu da aka tantance da kuma harshe, biyun kuwa duk a gida ake fara su. Kuɗin da za ka ba dillali, in ka zuba shi nan, ba zai ɓata ba.

Kafin ka ba mutumin nan ko sisi, ka ce ya ba ka cikakken sunan kamfanin, da kwafin kwantiragi mai sa hannunsu, da sunan irin bizar da za a buga maka. In ya kawo, ka zo da su mu zauna mu karanta tare, layi bayan layi, ko dare zai yi mana. Ka gaida mini maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Yayanka.