A horar da masu sarrafa na'urar ɗaukar taswirar ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan na'urar da ke ɗaukar taswirar tantanin gaban ido, wato tantanin nan mai garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido, wanda kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba, amma shi ke yin kusan kashi biyu bisa uku na aikin tattara haske a cikin ido.

Asalin dabarar ta wani likitan ido ne ɗan ƙasar Fotugal, António Plácido, wanda a 1880 ya haska faifai mai zobba baƙi da fari a gaban ido, ya duba yadda hotonsu ya fito a kan tantanin. Na'urar yau ma haka take yi, sai dai kwamfuta ce ke auna zobban ta mayar da su taswira mai launi, inda ja ke nuna wurin da ya yi tudu, shuɗi kuma wurin da ya kwanta.

Abin da ke damuna shi ne yawan ɗaukar aikin a matsayin danna maɓalli kawai. Zobban nan a kan siririn ruwan hawayen da ke saman ido suke fitowa, saboda haka idan ido ya bushe, ko burbushin kwalli yana yawo a cikinsa, taswirar za ta nuna tudu inda babu tudu. Wajibi ne a ɗauke ta kafin a ɗiga kowane magani, kafin kuma a auna matsin ruwan cikin ido da na'urar da ke taɓa idon. Mai sarrafawa zai daidaita haɓa da goshin majinyaci, ya sa shi ya ƙifta sannan ya buɗe ido sosai yana kallon hasken tsakiya, kuma idan ya ɗaga masa fatar ido kada ya danna ƙwayar, domin dannawar tana sauya siffar da ake aunawa. Mai amfani da gilashin da ake manna wa ido sai ya cire shi kwanaki kafin gwajin, mai taurin ma makonni. Hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Ana maimaitawa ne har sai hotunan sun yi daidai da juna.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna sa yaranmu da yawa fama da ƙaiƙayin ido, suna murzawa dare da rana, kuma murzar tana da alaƙa da cutar keratokonas, wadda ke sa tantanin ya sirance ya yi tsini. Yaro zai yi ta canza tabarau ba ya gani da kyau, iyaye suna zargin mai yanka gilashi, alhali taswira mai kyau za ta iya nuna cutar tun tana farawa. Akwai kuma aikin da likitocin Dresden ta Jamus suka fitar da sakamakonsa a 2003, wanda ake ƙarfafa tantanin da sinadarin ribofilabin (wato bitamin B2) da wani haske na musamman, yana tsayar da cutar amma ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace. Don sanin ko cutar na ci gaba, likita yana gwada taswirar yau da ta watannin baya, kuma idan ɗaya daga ciki an ɗauke ta da gaggawa, hukuncinsa zai karkace.

Ina kira ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na jihohinmu da su shirya horo na musamman ga ma'aikatan da ke zama a bayan wannan na'ura, su kuma tanadi hanyar adana taswirar kowane majinyaci yadda za a same ta idan ya dawo.

Naka,
Wani ma'aikacin asibitin ido,
Kano.