Wasiƙa zuwa ga Bello kan makafi da laburaren intanet

Birnin Kebbi

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka kan ƙanena mai larurar gani, ko laburaren intanet ya sauƙaƙa masa karatu kamar yadda ake yayatawa.

Gaskiyar magana, sauƙin bai kai yadda ake faɗa ba. A kwamfuta yana amfani da NVDA, manhajar kyauta mai karanta abin da ke kan allo da murya, a waya kuma TalkBack, amma dukansu rubutu suke karantawa, ba hoto ba. Littattafai da dama kuwa hoton shafukansu kawai aka ɗauka aka haɗa a PDF, saboda haka idan ya buɗe sai muryar ta yi tsit, alhali ni da ke gefensa ina ganin rubutu cike da allo. Idan aka bi da littafin ta manhajar mayar da hoto rubutu, na Turanci kan fito da dama-dama, amma a na Hausa sai haruffa masu lanƙwasa su rikiɗe, muryar kuma ta karanta sauran da lafazin Bature har ma'ana ta ɓace.

Tun a ƙofar shiga ma akwai cikas, domin wani shafin intanet ɗin sai an zaɓi hotunan motoci kafin ya buɗe, wani kuma ba a sanya wa maɓallansa suna ba. Dole ya jira mai ido, wani lokaci har ya faɗa masa lambar sirrinsa, abin da ya fi komai ɓata masa rai.

Ba doka ce ta hana gyara ba. Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta halatta a mayar da littafi sigar da makaho zai iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙinsa ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hakan. A ganina, rashin kula ne kawai.

Tunda aikinka gina irin waɗannan shafuka ne, ina roƙonka ka riƙa neman ainihin rubutun da aka buga a kwamfuta daga mawallafa maimakon hoton shafi, sannan ka zaunar da makaho ya gwada shafin intanet ɗin kafin a buɗe shi. Ƙanen nawa ya ce a shirye yake ya gwada maka daga nan.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sani