Rahoton Kwamiti Kan Gyaran Zauren Wasa na Tsohon Asibitin Normansfield

Kwamiti na gabatar wa mambobi bayanin aikin da aka kammala a tsohon asibitin Normansfield da ke Teddington, kudu maso yammacin Landan.

Likita John Langdon Down da matarsa Mary ne suka buɗe gidan a 1868, bayan ya yi shekara 10 yana shugabantar asibitin Earlswood. Shi ne ya bayyana lalurar galahanga a 1866, shi ya sa take ɗauke da sunansa a Turance (Down syndrome). Masu taɓuwar fahimta yake karɓa, akasarinsu 'ya'yan masu hali, ana koya musu karatu da sana'a. Gidan ya koma hannun hukumar lafiya ta ƙasa a 1951. Ba za mu ɓoye ba, daga baya kulawa ta lalace har ma'aikatan jinya suka yi yajin aiki a 1976, aka kafa bincike. An rufe asibitin a 1997.

Babban ginin an yanka shi gidajen kwana. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne zauren wasa, wanda Rowland Plumbe ya zana, aka buɗe a 1879. Kamfanin Laing Homes, mai gina gidaje a filin, shi ya gyara shi a 2003. Duk wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga rufin katako da babbar fitilar gas ta dā a tsakiya, gaban dandamali kuma ga zane-zane da ruwan zinare. A gefen dandamalin har yanzu akwai kwararon katakon da ake zura allunan zane a ciki idan za a sauya fage, abin da kusan ya ɓace a gidajen wasan Birtaniya. Tsofaffin allunan kuwa ƙwararru sun gyara su, an adana. A zamanin Down, a nan marasa lafiya da ma'aikata ke wasa da kiɗa, ran Lahadi kuma a yi ibada.

A ganin kwamiti, magina sun kyauta da ba su sabunta abin da bai lalace ba. Yanzu ƙungiyar masu lalurar galahanga ta Birtaniya ce ke da ofis a ginin, akwai kuma gidan tarihi mai ɗauke da sassaƙen James Henry Pullen, wanda ya zauna a asibitin Earlswood a dā. Saura kula da danshi da rufi, kuma mun ba da shawarar a riƙa duba su duk shekara.