Maganin mura na cikin tukunya, muddin ba mu kashe shi da hannunmu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai albarka, tunda hunturu ya kankama a nan Tawa, ƙura ta rufe gari, kowane gida ka shiga sai atishawa da majina.

Mura ƙwayar cuta ce irin ta bairos, kuma ire-irenta sun haura 200. Shi ya sa babba kan yi ta sau biyu ko uku a shekara, yaro ƙarami kuwa sau shida zuwa takwas. Takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Babu abincin da ke kashe ta, haka ma amoksisilin ɗin da ake saya hannun masu tallar magani, domin shi aikinsa a kan bakteriya yake. Abin da abinci ke yi shi ne ya gina garkuwar jiki tun kafin cutar ta zo. Ko bitamin C da ake ta yabo, nazarin 2013 na Cochrane, ƙungiyar masana da ke tace binciken lafiya, ya nuna shan sa kullum ba ya hana yawancin mutane kamuwa, sai dai yana rage kwanakin jinya da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, kashi 14 ga yara. Wanda ya bari sai hanci ya toshe sannan ya fara, ya makara.

Babba na buƙatar miligiram 75 zuwa 90 na bitamin C a yini, kuma jiki ba ya ajiye shi da yawa, dole a riƙa sabuntawa. Mutane sun ɗauka lemun tsami ne sarki a nan. Ba haka ba ne: ruwan ƙaramin lemun tsami guda ba ya ba da ko kwatan abin da ake so. Gwaiba ɗaya matsakaiciya ta wadatar da yini guda, muddin an ci ta da ɓawonta bayan an wanke. Lemun zaƙi babba, irin wanda ake kawowa daga Gaya ko Timiya, ya kusa cika ma'aunin. Sai ɗanyen tattasai da kabeji da tumatir, waɗanda yanzu ne lokacinsu a garakan Ƙonni da Madawa. Ga kuma garin ƴaƴan kuka da muka raina, alhali ya ninka lemun zaƙi sau da dama. A zuba babban cokali biyu a kofin ruwa mai tsabta, a bar shi ya jiƙa, a tace, a sha ko a dama fura da shi.

Inda muke ɓarna shi ne wurin sarrafawa. Bitamin C ba ya jure wuta, ba ya jure kanwa, kuma yana narkewa ya bi ruwa. Uwargida za ta yanka lemun tsami ta jefa cikin tukunya tare da citta da kanumfari, ta bar su suna tafasa har ruwan ya yi ɗaci. Ƙamshi ya fita, amfani ya tafi. A tafasa cittar ita kaɗai minti goma, a sauke, a bari ya huce har leɓe ya iya ɗauka, sannan a matsa lemun a sa zuma. Haka ganyen zogale, wanda wasu ke kira tamaka. Idan za a yi kwaɗo ko dambu, akan dafa shi ya daɗe, a sa kanwa don ya yi laushi, a zubar da ruwan, a matse. Gara a turara shi, ko a dafa da ruwa kaɗan, tukunya a rufe, ba kanwa. Ɗanyar albasar Galmi da tumatir da tattasai a yanka su daf da ci, kada a bar su a faranti tun hantsi. Ƙuliƙuli da ɗan man da ake zubawa ba don daɗi kawai ba ne: sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Kuma wanda zai shanya zogale ko ganyen kuka don ajiya ya shanya a inuwa, rana na cinye wannan sinadarin.

Bitamin A ɗin nan shi ke kula da fatar cikin hanci da maƙogwaro, wato katangar farko da busasshiyar iskar hunturu ke tsattsagawa. Ana samun sa a karas, kabewa, manja, ƙwai da hanta. Hanta sau ɗaya a mako ta isa, mai juna biyu kuwa kada ta yawaita ta. Yara daga wata 6 zuwa 59 ana ɗiga musu bitamin A duk bayan wata shida. Iyaye su duba katin awo, kada zagaye ya wuce su.

Sai zinki, wani sinadari da garkuwar jiki ke buƙata, wanda ba a cika maganarsa ba. Namiji na buƙatar miligiram 11 a yini, mace 8. Nama da kilishi da kifi da fara sun fi ba da shi, wake da gujiya na biye. Gero na da nasa, amma akwai wani sinadari a cikin hatsi da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Jiƙa gero ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, yana sassauta wannan riƙon. Iyayenmu mata sun daɗe suna yi ba tare da sun san sunansa ba. Matasan fada kuma su ji: shayi mai kauri da ake ɗorawa da an tsame hannu daga kwano yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin abinci. A jinkirta shi ko da awa guda.

Tafarnuwa da citta da tonka suna ɗumama jiki, suna buɗe hanci na ɗan lokaci, amma kada a ɗora musu nauyin da ya fi haka. Zuma ce ke da hujja a kan tari: rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda kafin barci. Sai dai kada a kuskura a lasa wa jaririn da bai cika shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye masa jiki. Wanda bai kai wata shida ba nonon uwa zalla ne abincinsa da maganinsa, ko ruwa ba a ƙara masa. Ga babba mai ciwon maƙogwaro, rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, ya kurkure ya tofar.

Akwai inda romo da zuma ba su da aiki. A ƙirga numfashin yaro na minti guda yana kwance lafiya lau ba ya kuka: idan ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, wannan alamar ciwon huhu ce, a kai shi likita a ranar. Zazzaɓi mai zafi a yi gwajin cizon sauro. Idan kuma ya haɗu da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, a tuna daga Janairu muke shiga lokacin sanƙarau, kada a jira gari ya waye.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya masu kula da abinci mai gina jiki,
Tawa, Jamhuriyar Nijar