Wasiƙa daga Tubingen zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna. Na turo yuro 250 ta hannun wanda muka saba. 200 na asibitin yaron Auta ne, 50 na Inna. Don Allah kada a taɓa na asibitin, ko da kuɗin taki ya taso.

Labari ya iso ni wai dangin mijin Auta suna cewa daga ɗakinmu kurumtar yaron ta fito, surukarta kuma tana zancen iska. Daren da na ji ban runtsa ba.

Kun sha yi mini dariya wai na zo Jamus kiwon kifin da bai kai ɗan yatsa ba. To kunne muke bincike da shi. Kifi ne mai ratsi kamar jakin dawa, asalinsa ƙasar Indiya. 'Ya'yansa 'yan kwana 5 jikinsu garau yake, ana hango cikin kunnen a madubin bincike. Kana ƙwanƙwasa farantin da suke ciki, masu lafiya su zabura. Wasu ko gezau, kuma in sun tashi iyo sai su yi ta wulwulawa, domin ji da daidaiton jiki duk aikin kunne ne. A garin nan aka gano irinsu, aka sa musu sunaye, wani mariner, wani sputnik. Ƙwayar gadon da ta lalace a mariner, myosin VIIa, ita ce ke jawo wata kurumta a mutane da ake kira ciwon Usher.

Abin da nake so ka riƙe: uwar kifin lafiya lau, uban ma haka, amma kowanne yana ɗauke da abin a ɓoye. Sai sun haɗu kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ke fitowa da shi. In irin wannan gadon ne, daga ɓangare biyu ya zo, balle Auta da mijinta 'yan maza zar ne. Ban ce shi ne ba, likita zai faɗa. Sanƙarau na kurumtarwa, allurar gentamicin ma haka. A tambayi Auta ko an taɓa yi wa yaron ita yana jariri, kuma ta faɗa wa likita bai yi tafiya da wuri ba.

Ni lafiyata ƙalau. Sanyi dai sai a hankali, amma ɗakin kifin ruwansa digiri 28 ne, can nake fakewa. Na san ni ya kamata in riƙe hannun yaron nan zuwa Kano. Allah ya gani.

Ka kai su Asibitin Malam Aminu Kano da kanka, sashen kunne, kada ka aiki kowa. Kada a ɗiga masa komai a kunne kafin nan. Kuɗin kuma na ce kada a taɓa. Ka ɗauko mini hoton takardar gwajin ta WhatsApp.

A gaida Inna, a ce tana cikin raina kullum.

Ƙaninka